Kasar da Ta Haihu a Fadar Birnin Ɓawo

Ku matso kusa, masu son labarin nesa, ku gyara zama. Ni ne Mantau ɗan Cindo, gardi ɗan gardi, jikan gardi. Na taka ƙasar da rairayinta ke toya tafin ƙafa, na ratsa dajin da rana ba ta taɓa ganin ƙasansa ba, na sha ruwan kogunan da ba wanda ya raɗa wa suna. Na ga masu ƙarfi, na ga masu dukiya, na ga mahaukata tuburan. Amma ban taɓa ganin wauta ta sa babbar riga ta hau kujera ana yi mata fifita ba sai a Birnin Ɓawo.

Tambaya ce ta fitar da ni daga gida. Tun ina ƙarami nake bin ubana kamun macizai. Na ga mesa ta zuba ƙwai ta naɗe a kansu wata biyu ba ci ba sha. Na ga gamsheƙa ta ɓoye nata a cikin suri. Na kuma ga kasa, wadda ita ma maciji ce, ta haifi 'ya'yanta da ransu, suna fitowa suna motsi. Na tambayi ubana abin da ya raba su, ya ce shi kamawa ya iya, ba tambaya ba. Da ya rasu, wani fatake ya gaya mini cewa can bayan koguna bakwai akwai birnin da masanansa suka rubuta sirrin kowace halitta a kundi guda. Na ɗauki sandata mai gwafa da jakar fatata, na kama hanya.

Koguna shida na haye lafiya. A bakin na bakwai guzurina ya ƙare, na yi kwana biyu ba abin da ya shiga cikina sai ruwa. Ina tafe ina layi sai na ga wani tudun yashi da alamar an tona an mayar. Na sa hannu, na ci karo da ƙwai farare masu tauri, kowanne ya fi na agwagwa. Na ɗauki biyu ina ta godiya ga Allah, sai ruwa ya tsage. Kada ce, tsawonta ya kai kwalekwale, ta nufo ni baki buɗe. Ban san lokacin da na ɗare wata tsamiya ba, da ƙwan a cikin rigata.

Ta kwanta a gindin bishiyar ta kafa mini ido, tun hantsi har rana ta karkata. A rassan da ke sama da ni jemagu ne reras a rataye, na ga wata da jaririnta manne a ƙirjinta yana tsotson nono, ga ta da fukafukai kamar tsuntsu. Na ce a raina, ga wata tambayar kuma, in na rayu. Daga nan dabara ta zo mini. Na kwance rawanina, na ɗaure ƙwan biyu a bakinsa, na rarrafa zuwa ƙarshen wani reshe ta ɓangaren kogi, na zura su a hankali har suka taɓa yashi. Kadar ta juya. Wannan bakin da zai iya raba saniya biyu, da shi ta ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya, a tausashe, ta nufi raminta. Ni kuwa na diro ta ɗaya gefen na bar mata rawanin, ban tsaya ba sai da na sami masunta suka haye da ni.

Bayan kwana tara na hango Birnin Ɓawo. Ganuwarsa fara fat, kowane soro an gina shi da siffar ƙwai. A ƙofa dogarai suka tare ni, ba su tambayi sunana ba, ba su tambayi garinmu ba, sai ɗaya ya ɗage mini riga da bakin mashi. Da ya ga cibiyata ya tofar da yawu ya ce, "Haifaffe ne." Suka rataya mini igiyar akuya a wuya, suka ce da ita zan riƙa yawo muddin ina cikin gari.

Ban yi kwana uku ba na gane yadda garin yake. Mutanensa kashi biyu ne. Akwai haifaffu, su ne talakawa, masu noma da jima da ɗiban ruwa. Akwai ƙyanƙyasassu, su ne Sarki da fadawa da masana, waɗanda suka ce su ba a haife su cikin jini da ƙazanta kamar awaki ba, daga ƙwai suka fito tsaf kamar tsuntsayen sama. Kowane namiji a cikinsu yana ɗaure da faffaɗar ɗamarar jar fata tun daga ƙirji har ƙugu, ba ya kwance ta a gaban kowa, ko ɗan'uwansa. Matansu kuwa, idan ciki ya tsufa, sai a kai su wani gida bayan ganuwa da ake kira Gidan Kwanci, inda namiji bai taɓa shiga ba. Bayan kwanaki a fito da ƙaton farin ƙwai a kan gammon auduga, da kakaki da algaita, a kai fada, uban ya ƙwanƙwasa shi da sanda, jariri ya fito. Shi ke nan, an ƙyanƙyashe mai daraja.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, amma a ɓoye. Na ce wannan al'adar fada ce, masana dai ai ba za su rasa hankali ba.

Ranar da aka ba ni izinin shiga Zauren Kundi, na tarar da masanan wajen arba'in a zaune, kowa da gemu har ciki. A tsakiya shugabansu ne, Bagudu Magajin Kundi, gajere mai ƙaton tumbi, ga kundin a gabansa, sai mutum biyu sun taru suke juya shafinsa. Na durƙusa na yi gaisuwa na ce, "Allah ya ƙara wa Magaji sani. Daga ƙasa mai nisa na zo da tambaya guda. Me ya sa waɗansu halittu ke yin ƙwai, waɗansu kuma su haihu?"

Ya dube ni kamar ya ga kashin kaza a tabarmarsa. Ya ce, "Wannan ce ta sa ka haye koguna bakwai? Masu tsarki ƙwai suke yi, marasa tsarki haihuwa. Shafin dama: tsuntsu, kifi, maciji, da mu. Shafin hagu: jaki, ɓera, akuya, da ku. An gama."

Na ce, "Jemage fa, Allah ya gafarta Magaji?"

Ya ce, "Yana tashi, saboda haka tsuntsu ne, saboda haka ƙwai yake yi."

"An taɓa ganin ƙwan nasa?"

"Ɓoye shi yake yi. Halitta ce mai kunya."

Masu gemu suka gyaɗa kai gaba ɗaya, wani ma har da share hawaye don daɗin amsar. Na ce na ga jemage da idona tana shayar da ɗanta. Bagudu ya ce idon haifaffe ba shaida ba ne.

Da na san abin da ya fi mini, da nan na yi sallama na koma gida. Amma ina juyawa sai na ji wani huci daga kusurwar zauren, hucin da ko a cikin barci na san mai shi. Na leƙa wani babban kwando, na ga kasa, kaurinta kamar cinyar ƙato, cikinta ya kumbura har fatar ta buɗe tsakanin ɓawonta. Na tambayi abin da take yi a nan. Wani daga cikinsu ya ce gobe za a ƙyanƙyashe ɗan Sarki Dambaru na fari, kuma al'ada ce a kwantar da ƙwan ɗan sarki a shinge ɗaya da macijiya mai ƙwai, don ya sami kwarjini. Kullum mesa ake kawowa tana naɗe a kan ƙwanta, ba ruwanta da kowa. Bana mafarauta ba su sami mesa ba, sai Magaji ya ce maciji ai maciji ne, wannan ma ta fi kyan zane.

Na ce, "Wannan ba za ta yi ƙwai ba. Ƙwanta a cikin cikinta yake ƙyanƙyashewa. Haihuwa za ta yi, yau ko gobe, kuma abin da za ta haifa zai kai hamsin, kowanne da dafinsa tun daga fitowa."

Bagudu ya sa aka juya masa shafi, ya dangwala yatsa ya ce, "Maciji, shafin dama." Sannan ya ɗaga murya ya ce wannan haifaffe ya zagi maciji, wanda ya zagi maciji kuwa ya zagi Sarki. Kafin in buɗe baki an yi ram da ni. Hukuncina bai ɗauki lokacin shan ruwa ba: gobe bayan biki hauni zai sare kaina, don ba a zubar da jini kafin ƙyanƙyasa.

Da azahar ina zaune a kurkuku sai ga wata tsohuwa da akushin tuwo. Ta ajiye, ta tsuguna, ta ce, "Ni ce Delu, ungozomar Gidan Kwanci. Ɗan nan, maganar da ka yi a zaure, ka tabbata?"

Na ce, "Iya, in ke kika ga mace a kan gwiwa, za a tambaye ki ko kin tabbata?"

Ta ce, "Shekara arba'in ina yanke cibiyar masu garin nan. Bagudun nan ma ni na karɓe shi, da ƙafa ya fito, ya kusa kashe uwarsa. Ƙwan da kake ji, yumɓu ne. Mu muke gina shi, mu shafe shi da farar ƙasa, mu huda ƙofofin iska ta ƙasa, mu sa yaro a ciki bayan ya ƙoshi ya yi barci. Duk macen da ta faɗa, a yanke mata harshe. Ɗan Sarkin nan kwanansa biyu a duniya. Uwarsa Yalwa shekara tara tana nema."

Na ce, "Ƙofofin iskar nan, yaya faɗinsu?"

Ta nuna mini babban yatsanta. Na ce ɗan kasa zai shige ba tare da ya goga jikinsa ba, kuma ɗumi yake nema da wurin ɓuya. Tsohuwar ta dafe kai. Da ta ɗago ta ce wanda za a kashe akan ɗaure shi a ginshiƙin fada don ya ga ɗaukaka kafin ya mutu. Ta ce ita ke raba ruwa a wurin, kuma ba wanda ke duban abin da tsohuwa ta riƙe.

Washegari da hantsi aka ɗaure ni. Fada ta cika maƙil. A tsakiya an kewaye wuri da gajeren shingen kara, an baza ƙaiƙayi, ga farin ƙwan a kan gammonsa, ga kasar an juye ta a gefe. Sarki Dambaru, dogo mai sanyin fuska, yana zaune da sandar ƙwanƙwasa a hannu. Bagudu ya miƙe ya fara jawabi a kan tsarkin ƙwai. Iya Delu ta zo wucewa da tulu, tana dogara sanda kamar mai ciwon baya. Sandata ce. Ta jingine ta a bayan ginshiƙin, na ji sanyin wuƙa ya ratsa igiyar hannuna.

Bagudu yana cikin cewa, "Dubi wannan baiwar Allah, yanzu za ta zuba ƙwanta farare kamar..." sai kasar ta ɗaga wutsiya. Wani abu ya sulluɓo a cikin tantani mai sheƙi. Tantanin ya yage, ɗan maciji kamar tsawon tafin hannu ya fito yana wasa da harshe. Na biyu ya biyo, na uku, na huɗu.

Wani masani ya ce, "Ƙwai ne masu laushi."

Wani ya ce, "Ƙwai ne masu sauri."

Da suka kai ashirin suka fara bi ta tsakanin karan shingen, ba wanda ya ƙara fassara. Na ga dattawa masu gemu suna hawa kan junansu. Na ga mai kakaki ya jefar da kakaki ya bi ta taga. Bagudu, da tumbinsa da komai, ya ɗare ginshiƙi kamar ƙadangare, ya rungume shi yana kiran uwarsa, wadda a cewarsa ba ta haife shi ba. Dogarai suka janye Sarki baya yana ihu, "Ƙwan! Ku ɗauko ƙwan!" Ba wanda ya motsa.

Na fizge hannuna, na ɗauki sandata, na tsallaka shingen. Uwar ta gaji, ba ta da ƙarfin sara, na danne wuyanta da gwafa na kife ta da kwando. 'Ya'yan nake ta sharewa da gefen sanda ina takawa a hankali, har na isa wurin ƙwan. Ina isa na ga wutsiya tana shigewa ta ɗaya daga cikin ƙofofin iskar.

A dokar garin, wanda ya fasa ƙwan ɗan sarki ba ubansa ba, a ƙone shi. Na tuna cewa ai sau ɗaya ake kashe mutum. Na buga gindin sandata a saman yumɓun, ya dare biyu. Ga jariri kwance, ja wur, ya buɗe baki ya tsala kuka, ɗan tsumman da aka ɗaura masa a ciki ya zame, ga guntuwar cibiyarsa a fili ba ta ko bushe ba. Ɗan macijin yana naɗe a bayan gwiwarsa. Wurin ya yi ƙanƙanta da gwafa. Na sa hannu na fizgo shi, ya juyo ya sare ni a ƙaramin yatsa. Na yar da shi, na ɗauki yaron na fito.

Ina fitowa na ga taron ya dare. Wata mace ce ke tahowa da ƙafa, ba mayafi, tana tafe tana dafa bango, Iya Delu ta sa an gaya mata. Yalwa ce. Ba ta dubi Sarki ba, ba ta dubi kowa ba. Ta karɓi ɗanta, ta juya shi gaba da baya tana duba jikinsa, sannan ta zauna a kan matakalar gadon sarauta ta ba shi nono a gaban duk wanda ke da ido. Har haɗiyar yaron ana ji.

Kuna tsammani a nan gaskiya ta yi halinta? Ba ku san masana ba. Da bayi suka gama kwashe 'ya'yan macijin, hamsin da uku, Bagudu ya sauko daga ginshiƙi, ya gyara gemu, ya sa aka jawo kundi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kundi bai yi ƙarya ba. Maciji ba ya haihuwa. Wannan ta haihu. Saboda haka ba maciji ba ce. Abin da ke haihuwa da yawa haka, yana shafin hagu. Wannan akuya ce, doguwa, marar ƙafa, wadda wannan matsafi ya shigo da ita don ya ƙazantar da fada. Tabon da ke cikin yaro kuwa, kambun bakinsa ne. A ƙone shi."

Masu gemu, waɗanda suka dawo, suka ce, "Akuya ce! Wallahi tun farko mun ga alama."

Hannuna ya riga ya kumbura har gwiwar hannu, idona yana ganin bibbiyu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda akuya ce. Ni jahili ne. Amma wanda za a kashe akan ba shi abin da ya roƙa. Ƙishi nake ji. Akuyar nan yanzu ta haihu, hantsarta cike take. Ina roƙon Magaji, da hannunsa mai albarka, ya tatso mini nononta in sha in mutu."

Bagudu ya ce tatsa aikin haifaffu ne. Yalwa ta ɗago kai, karo na farko, ta ce, "A ba shi ƙwarya." Sarki ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa, ya ce, "A ba shi."

Aka danƙa masa ƙwarya. Ya tako ɗaya, ya tako biyu. Wani dogari ya ɗaga kwandon da bakin mashi. Kasar ta huta, ta kumbura jiki, ta saki wani huci da ya tayar da ƙaiƙayi. Magajin Kundi ya saki ƙwarya, ya saki fitsari, ya ce, "Maciji ce! Maciji ce, ranka ya daɗe!" Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Kwana huɗu na yi a hannun Iya Delu. Ta ceci hannun, amma yatsan ya ruɓe, ta yanke shi da wuƙar da take yanke cibiya. Ga wurin nan, ku duba.

A rana ta biyar da safe Sarki ya aiko a kai ni. Na same shi shi kaɗai a wani ɗan soro, ya kori kowa, ya rufe ƙofa da kansa. Ya daɗe yana kai da kawowa, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baƙo, kai ka yi yawon duniya. Abin nan da na gani a cikin ɗana. A wurina ya gada?"

Ban gane ba. Sai ya sa hannu ya kwance jar ɗamararsa. Fatar wurin ta yi fari don rashin ganin rana. Ga cibiya, 'yar madaidaiciya, irin ta kowa.

Ya ce, "Shekara hamsin ina ɓoye ta. Ban taɓa wanka a gaban mutum ba. Kullum ina jiran ranar da za a gane cewa ni kaɗai na fito da aibi, a sauke ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ke ɗaure da ɗamara a garin nan yana da irinta. Waziri, Galadima, Bagudu, da iyayenku da kakanninku. Kowa yana zaton shi kaɗai ne."

Ya zauna a ƙasa. Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ya share fuska da hannun riga. Na ce a raina, yau garin nan zai warke. Na ce, "Fita kawai za ka yi haka, ranka ya daɗe, ka tsaya a ƙofar fada. Kafin la'asar kowa ya kwance tasa."

Ya dubi ƙofar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "In kowa haifaffe ne, wa zai ɗebo mana ruwa?"

Ya miƙe, ya mayar da ɗamarar, ya ja ta tamau har sai da ya yi nishi. Ya ce an ɗaura mini sirdi a kan taguwa, da guzurin wata guda, kuma idan rana ta faɗi ina cikin ganuwarsa, hauni yana nan bai mayar da takobinsa kube ba.

Ban jira azahar ba.